Sakura, Haruka ko Koharu: wane suna ya dace da jaririyar da ta zo lokacin furanni a Japan?

Japanawa suna da wata al'ada da Bahaushe ba zai sha wahalar ganewa ba, wato ɗauko sunan yaro daga lokacin da ya zo duniya. Mu muna da Marka ga wadda aka haifa ruwa na tsakiyar zuba, da Azumi, da Nomau, da su Talatu da Jummai. Su kuma shekararsu kashi huɗu ce. Haru daga Maris zuwa Mayu, natsu lokacin zafi da gumi daga Yuni zuwa Agusta, aki lokacin da ganye ke yin ja yana zuba, sai fuyu mai sanyi da dusar ƙanƙara. A kan fassara haru da bazara, amma kada wannan ya ruɗe ku. Babu ƙunar rana irin ta bazararmu a cikinsa. Lokaci ne da sanyi yake janyewa, ƙasa take farfaɗowa, itatuwan da suka yi wata uku tsirara suke fitar da fure.

Sunayen mata na wannan lokaci suna da yawa, amma uku ne suka fi zuwa bakin mutane idan ana neman sunan da yake da ƙamshin haru: Sakura, Haruka da Koharu. Wanda ya auri 'yar Japan kuma suna jiran haihuwa, ko wadda take neman sunan da zai dace da jaruma a labarin da take rubutawa, duk a kan waɗannan ukun sukan tsaya. A kunne kamar 'yan gida ɗaya ne. Idan aka duba asalinsu kuwa, ɗaya ne kawai yake tsaye a cikin haru da ƙafa biyu.

Kafin a auna su, akwai abin da sai an riƙe shi. A Japan suna abu biyu ne, yadda ake kiransa da yadda ake rubuta shi, kuma ma'anar tana wajen rubutun. Haruffan kanji da suka samo daga Sin kowanne yana ɗauke da ma'anarsa, kuma sauti ɗaya yana iya samun haruffa goma ko fiye. Shi ya sa idan Bajapaniya ta faɗi sunanta, tambayar da take biyo baya ita ce da wane harafi ake rubutawa. Mata biyu za su amsa Haruka a aji ɗaya, amma sunan ɗaya yana nufin ƙamshin haru, na ɗayar yana nufin nesa mai nisa. Wanda ya zaɓi sauti ya bar wa wani zaɓen harafi, rabin sunan kawai ya raɗa.

Sakura ne sunan da bai dogara da harafi ba. Ko a ina aka furta shi a Japan, abin da zai faɗo wa mai ji shi ne furen bishiyar ceri, fari mai ratsin ruwan hoda, mai ganye biyar. Ana rubuta shi 桜, ko da tsohon harafinsa 櫻, ko kuma a sauƙaƙe da haruffan hiragana masu nuna sauti kawai, さくら. Wasu iyaye sukan haɗa 咲 mai nufin buɗewar fure da 良 mai nufin kyau, su samu sautin Sakura da ma'anar "ta buɗe da kyau".

Masana ba su haɗu a kan asalin kalmar ba. Bayanin da ya fi sauƙi shi ne daga saku take, wato fure ya buɗe, aka ƙara mata ra a ƙarshe. Wasu suna danganta ta da Konohanasakuya-hime, wata gimbiya a tatsuniyoyin addinin Shinto da ake haɗawa da Dutsen Fuji. Akwai kuma masu cewa sa sunan abin bautar gonakin shinkafa ne, kura kuma mazauni, domin manoman da suna duba furen su san lokacin shuka ya yi. Na kawo wannan ne saboda iyaye Musulmi suna da haƙƙin su sani. Amma waɗannan hasashe ne na masu tono asalin kalmomi. A bakin Bajapanen yau sakura sunan fure ne kawai, kamar yadda Warda da Zahra suke a wurin Larabawa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya kai maganar gaban malaminsa da cikakken bayanin nan.

Sakura ba ita ce sarauniyar furanni ba tun farko. A ƙarni na 8, fadawan Nara sun fi son ume, wani fure mai ƙamshi da aka kawo daga Sin wanda yake buɗewa tun sanyi bai tafi ba. A kundin waƙoƙin Man'yoshu na wancan zamani, waƙoƙin ume sun haura ɗari, na sakura kuwa ba su kai rabin haka ba. Bayan fada ta koma Kyoto ne abin ya juya. An rubuta cewa Sarki Saga ya yi zaman kallon furanni a lambun Shinsen-en a shekarar 812, kuma zuwa lokacin da aka tattara kundin Kokinshu a wajajen 905, sakura ta riga ta sha gaban ume. Toyotomi Hideyoshi, jagoran yaƙin da yake riƙe da mulkin ƙasar, ya yi gagarumin bikin kallonta a wurin bauta na Daigo da ke Kyoto a 1598, 'yan watanni kafin mutuwarsa. Talakawan Edo, wato Tokyo ta yau, sun samu nasu rabon lokacin da shugaban mulkin soja Tokugawa Yoshimune ya sa aka dasa itatuwan a tudun Asukayama a 1720. Irin da ya cika ƙasar a yanzu, Somei Yoshino, masu lambu ne na ƙauyen Somei suka yaɗa shi a ƙarshen zamanin Edo. Ba a shuka shi daga iri, reshe ake ɗaurawa a jikin wata bishiyar, saboda haka duk itatuwan jini ɗaya ne. Wannan ne dalilin da ya sa na gari guda suke buɗewa kusan rana ɗaya, su kuma zube tare.

A Tokyo, ma'aikatan hukumar yanayi sukan je gindin wata bishiya ta musamman a harabar wurin bautar Shinto na Yasukuni, su ɗaga kai su ƙirga. Da sun ga fure biyar ko shida sun buɗe, sai a sanar cewa sakura ta fito a birnin, galibi a ƙarshen Maris. Bayan kamar mako guda bishiyar ta cika, bayan wani makon iska ta fara kaɗo furen yana rufe hanya da saman ruwa. Lokacin ya zo daidai da farkon shekarar makaranta da ta aiki, domin a Afrilu suke farawa. Japanawa da yawa suna da hoton kansu suna 'yan shekara shida, da sabuwar jaka a baya, a ƙofar makaranta ƙarƙashin furen. Sunan Sakura yana tafe da duk wannan: sabon farawa, taron dangi, farin cikin fita daga sanyi. Bai zama abin mamaki ba da ya hau saman jerin sunayen mata da kamfanin inshora na Meiji Yasuda yake fitarwa kowace shekara a farkon shekarun 2000.

Sunan yana da nauyinsa kuma, kuma gara a san shi tun kafin ranar suna. Furen da bai wuce mako biyu ba yakan sa wasu kakanni su yi jim, su ce ba sa son a raɗa wa jikarsu sunan abin da yake saurin zubewa. Ba kowa ne yake da wannan tunanin ba, amma idan akwai tsohuwa a gidan surukai, a tambaye ta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin soja ta yi amfani da zubar furen wajen kwaɗaitar da samari mutuwa, har aka sa wa wani jirgin ƙunar baƙin wake suna Oka, wato furen sakura. Yawancin matasa ba sa haɗa sunan yarinya da wannan, amma tarihin yana nan. A harshen kasuwa kuma, sakura yana nufin ɗan koren da mai kaya yake ajiyewa cikin taro ya yi kamar mai saye don ya jawo wasu. Kalmomi ne biyu da suka yi karo a sauti, ba a cika tsokanar masu sunan da shi ba.

Ga yarinyar da za ta riƙa zuwa Kano ko Damagaram hutu, Sakura yana da daɗin faɗa a bakin Bahaushe, babu harafin da zai harɗe harshen kaka. Sai dai yaran unguwa ba za su daɗe ba su gano kura a ƙarshensa, ko su karkatar da shi zuwa sakarai. Iyaye su ne suka san 'yarsu da unguwarsu, su za su auna ko abin damuwa ne.

Haruka ya fi Sakura faɗin fili, kuma a nan ne zaɓen harafi yake da muhimmanci ƙwarai. A matsayin kalma, haruka tana nufin nisa, abin da yake can ƙarshen gani, kuma ana rubuta ta 遥. Mata da yawa da aka haifa a shekarun 1990 wannan harafin suke ɗauke da shi, iyayensu suna fatan su yi nisan kwana da nisan hange. Babu haru a cikinsa ko kaɗan, kuma ana sa wa maza ma. Idan ana son lokacin furanni ya shigo, sai an fara da 春, harafin haru, a bi shi da 香, ƙamshi, ko 花, fure. 春香 ƙamshin haru ke nan, 春花 kuma furen haru. Akwai kuma 晴香, inda harafin farko yake nufin sama ta washe bayan hadari. Ana ma iya ɗaukar 陽, hasken rana, a karanta shi haru.

Wannan yalwar ita ce ƙarfin sunan, ita ce kuma rauninsa. Ƙarfinsa shi ne bai ɗaure yarinya da fure guda da tarihinsa ba. Haruka da aka rubuta da 春 ta dace da wadda aka haifa ko wace rana daga Maris zuwa Mayu, a Sapporo inda sakura take jinkiri har ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, ko a Okinawa inda tata take fitowa tun Janairu. Suna ne da yake girma tare da mai shi: ya dace da jaririya, ya dace da likita mai shekara hamsin. Rauninsa shi ne a fasfo da takardun ƙasashen waje, inda haruffan boko kawai ake rubutawa, haru ɗin ya ɓace. Duk wanda ya nemi ma'anarsa a intanet zai iya cin karo da "nesa" kafin ya ga "ƙamshi". Ga yarinyar da mahaifinta ya baro ƙasarsa ya je can, ni ban ga aibu a wannan ma'ana ta biyu ba. Tana faɗar gaskiyar gidansu.

Akwai ɗan'uwan Haruka da ya kamata Bahaushe ya yi hattara da shi. Haruna a Japan sunan mace ne sananne, ana rubuta shi 春菜, ganyen haru, ko 春奈. Surukai za su iya kawo shi da murna, musamman idan sun ji cewa akwai shi a wajenmu. A wajenmu kuwa sunan Annabi ne, ɗan'uwan Annabi Musa, kuma na maza ne zalla. Yarinya mai suna Haruna za ta yi ta bayani a kowane ofis da kowace makaranta a Nijeriya ko Nijar. Ba zan ba da shawararsa ba. Ko Haruka da Koharu ma, Japanawa sukan taƙaita su zuwa Haru-chan a gida, kuma Haru a kunnenmu Haruna ne. Wannan ƙaramin abu ne, dangi za su saba.

Koharu ne ya fi yaudarar baƙo. Ana rubuta shi 小春, ƙaramin haru, kuma kowa zai ɗauka sunan jaririyar Afrilu ne. A tsohon lissafi kuwa, koharu laƙabin wata na goma ne a kalandar wata da Japan ta yi amfani da ita kafin ta koma kalandar Turawa a farkon 1873. Watan yakan faɗo a wajajen Nuwamba zuwa farkon Disamba. Sanyi ya fara kamawa, ganye ya zube, sai kwatsam a samu 'yan kwanaki masu ɗumi, iska ta kwanta, rana ta fito, tsofaffi su fito da tabarminsu bakin baranda, a shanya katifu a waje. Irin wannan rana ce ake kira koharu-biyori, kuma masu haiku, gajeriyar waƙar Japanawa, suna lissafa kalmar cikin kalmomin farkon sanyi. Yana kama da ranar da hazo ya yaye a tsakiyar hunturu, mutane suka tuɓe rigunan sanyi suka zauna shan hantsi.

A ganina wannan ma'ana ta fi kowacce taushi a cikin ukun: ɗumin da ya zo lokacin da ba a zata ba. Iyayen da suka daɗe suna jiran haihuwa, ko waɗanda 'yarsu ta zo bayan wata jarrabawa, za su ga kansu a ciki. Amma wurinsa Nuwamba ne. Japanawa da yawa a yau suna sa wa 'ya'yan Maris da Afrilu, babu dokar da ta hana, babu kuma wanda zai yi faɗa. Sai dai mai ilmin adabi zai lura, kuma yarinyar da kanta za ta haɗu da kalmar a darasin harshe wata rana. Masu son kauce wa wannan sukan canza harafin farko zuwa 心, zuciya, su rubuta 心春, wato haru a cikin zuciya. Wannan rubutun ya yi tashe a shekarun 2010. Ya warware matsalar wata, amma ya jawo wata: cikakken karatun 心 kokoro ne, an gutsuro ko ne kawai daga cikinsa, don haka ba kowa ne zai karanta sunan daidai a gani na farko ba.

Akwai wasu biyu da za a iya ji daga bakin tsofaffin gida. Yayoi, 弥生, tsohon sunan wata na uku ne, ma'anarsa tsiro yana ƙara girma. Shahararriyar mai zane Kusama Yayoi a watan Maris na 1929 aka haife ta. Sunan yana da asali mai kyau, amma a yau yana jin kamar na iyaye da kakanni. Ume kuma, tsohuwar kishiyar sakura, shi ne sunan Tsuda Umeko, wadda aka tura Amurka karatu tana 'yar shekara shida a 1871, ta dawo ta kafa makarantar mata a 1900, kuma hotonta ne a takardar yen 5,000 da aka fitar a 2024.

Doka ma tana da bakin magana. Ana rubuta kowane ɗan ƙasa a rajistar iyali da ake kira koseki, kuma dole a kai sanarwar haihuwa cikin kwana 14 idan a Japan aka haihu, ko wata uku idan a waje ne. Haruffan da aka yarda da su su ne kanji 2,136 na amfanin yau da kullum, da wasu sama da 860 da aka ware don sunaye, da hiragana da katakana, haruffan sauti da ake rubuta kalmomin waje da su. Ba a karɓar haruffan boko. Duk haruffan da na ambata a sama suna cikin waɗanda aka yarda da su. Daga 26 ga Mayu 2025 kuma ana rubuta yadda ake furta sunan a cikin rajistar, kuma sai karatun ya kasance wanda jama'a suka san harafin da shi. Rajistar ba ta da gurbin suna na tsakiya. Iyayen da suke son sunan yanka na Musulunci ya shiga tare da na Japan sukan haɗe su a gurbi ɗaya, su rubuta Amina ko Maryam da katakana a manne da ɗayan. Wasu kuma sukan bar na Japan shi kaɗai a koseki, sunan yanka ya zauna a takardun ƙasar uba. Ya kamata a zauna a yanke wannan tun cikin yana wata bakwai ko takwas, domin bambancin suna tsakanin fasfo biyu yana jawo tambayoyi a filin jirgi.

Wani abin daɗi shi ne su ma a rana ta bakwai suke raɗa suna. Suna kiran daren oshichiya. Uba ko kaka yakan ɗauki buroshi ya tsoma a baƙar tawada, ya rubuta sunan da manyan haruffa a tsakiyar farar takarda, ranar haihuwa a gefe, a liƙa ta a bango kusa da shimfiɗar jaririya. Ana dafa sekihan, shinkafa mai danƙo da jan wake, a gasa kifin tai ɗungurungum da kai da jela. Gida ɗaya zai iya yanka rago da safe, ya rubuta takardar da daddare. A wurin rubutun ne wasu surukai za su kawo maganar seimei handan, wato ƙirga yawan jan buroshin da ke cikin haruffa don duba sa'a. 桜 yana da goma, 春 tara, 小 uku, 櫻 kuwa ashirin da ɗaya. Musulmi ba shi da ruwa da duba, kuma ana iya faɗa musu haka cikin ladabi. Amma ƙirgar tana da amfani ɗaya na zahiri: yarinya ce za ta riƙa rubuta harafin a kan takardun jarrabawa a makaranta, kuma ja ashirin da ɗaya wahala ce ga ƙaramin hannu.

Hausawa sun ce suna linzami ne, don haka ga inda nawa ra'ayin ya faɗi. Idan yarinya ta zo a makonnin nan biyu da furen yake kan bishiya a garinku, kuma babu tsohuwar da ta nuna rashin so, Sakura ya dace da ita, kuma na fi son a rubuta shi da hiragana, さくら, domin ba wanda zai kuskure karatunsa, ita ma za ta iya rubuta shi tun kafin ta shiga makaranta. Shi ne kuma sunan da aka sani a wajen Japan, tun daga itatuwa dubu uku da birnin Tokyo ya aika wa Washington a 1912 har zuwa fina-finan zane da yaranmu suke kallo. Wanda yake son furen amma yana gudun yawan masu sunan ko tsokanar yara, zai iya ɓoye shi a cikin Mio, 美桜, kyakkyawar sakura, inda harafin yake nan amma sautinsa ya canza.

Idan haihuwar ta zo a Mayu, ko a farkon Maris, ko a wata ƙasa inda babu bishiyar kwata-kwata, Haruka da harafin 春 ya fi tsayawa daidai. Ga 'yar da za ta rayu tsakanin ƙasashe biyu ma shi zan fi zaɓa a cikin ukun, saboda duk ma'anar da aka ɗauka daga cikin nasa biyun mai kyau ce. Koharu kuwa a ajiye shi wa 'yar Nuwamba, a rubuta shi da haruffansa na asali, 小春. Marubucin labari ma ya kiyaye wannan: idan jarumarsa Koharu ce, ya sa ranar haihuwarta a ƙarshen shekara, idan kuma Haruka ce, ya yanke tun a babin farko ko nisa yake nufi ko ƙamshi.